Kwalba Cikin Safa

Garin Clare, 4 ga Yuni

Graeme,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, ko da yake ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ba zan amsa wayarka ba, ka daina kira.

Tun muna da sauran ƙuruciya muke wannan wasa mu shida. Kowa ya zo gidan abincin Stavros da tsohuwar jar giya cikin safa, a zuba, a shaƙa, a kurɓa, kowa ya canki inabinta da shekararta kafin a zare safar. Ko da aurenmu ya mutu ban bar teburin ba, kai ma ba ka bari ba. Glenys ce kawai ta riƙa zama tsakaninmu kamar katanga. Na ɗauka aƙalla a teburin nan ba za ka ɗana mini tarko ba.

An kawo gasasshen rago, aka zuba giyar da ka kawo. Merv mijin Glenys, da bakinsa da ba ya rufuwa, ya ce, "To, uwar masu hanci, faɗa mana!" Na ce, "Wannan ta mutu. Wanda aka ba wa ajiyarta bai kula da ita ba." Merv ya kwashe da dariya har da buga tebur, yana cewa, "Graeme, yau an binne ka da ranka!" Sai ka sa hannu ka zare safar.

1991, shekarar da na haifi Tamsin. Ga sunanta a takardar kwalbar, wanda ta rubuta da jan fensir tana 'yar shekara biyar, harafin S ya juya baya. Giyar da muka ajiye don ranar da za ta cika ashirin da ɗaya, ranar da ba ta gani ba. Ka sa na furta wannan magana a kanta a gaban mutane, sannan ka bar ni na fita da adiko a hannu kamar mahaukaciya.

Ina son jin dalili, a rubuce. Ka huta lafiya.

Noelene

Glenelg, 9 ga Yuni

Zuwa ga Noelene,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan sanyin Clare bai tayar miki da ciwon gwiwa ba.

Wasiƙarki ta same ni. Ba ni da dalili mai kyau, amma ga wanda nake da shi. Na sa gidan a kasuwa, matakala ta fi ƙarfina yanzu. Da na sauka ɗakin ƙasa in kwashe kwalabe, na tarar cikin na Tamsin biyu ne kawai ba su yoye ba. Sauran marafansu sun ruɓe. Na ɗauko ɗaya na ajiye a kicin, kullum in ɗauki mabuɗin kwalba in ajiye. Muddin ina ganin wannan S ɗin, hannuna ba ya iyawa. Shi ya sa na sa mata safa. Ba don ke na rufe ta ba, don kaina ne. Kuma ba na son in sha ta ba ke.

Abin da kika faɗa ban ji haushinsa ba. Ni na ɗauki Tamsin a jirgin ruwa ranar nan, ni na ce iskar ba komai ba ce, ni na dawo gaɓa ni kaɗai. Duk shekarun nan ina jiran ki faɗa mini, ba ki taɓa faɗa ba. Kin tattara kayanki kawai. To na ji yanzu, ko da a bisa kuskure ne, kuma gaskiya ce.

Ɗayar tana nan. Idan kina so in aiko miki, ki sanar da Glenys. Ba zan ƙara zuwa wurin Stavros ba, teburin naki ne.

Ki huta lafiya. Naki kamar da,
Graeme

Norwood, 15 ga Yuni

Noelene tawa,

Gaisuwa da kewa. Merv yana gaishe ki daga ƙarƙashin bargo, inda kunya ta kai shi. Na ce masa ya zauna can sai bazara.

Yanzu ki saurare ni, tsohuwar banza, don ba wanda zai faɗa miki sai ni. Graeme ya zo nan jiya da wasiƙarki a aljihu, duk ta yamutse don karantawa. Ya yarda cewa ba ki san abin da ke cikin kofin ba. Shi dai Graeme ko an ce masa teku ta ƙafe zai yarda. Ni ce ke zaune kusa da ke. Yaushe rabon da ki kasa gane giyar shiraz ta yankin Barossa? Ke da kika zaɓi wannan giya da kanki, da ciki wata takwas, kina shaƙa kina tofarwa? Na ga lokacin da kika kai kofin hanci. Shaƙa ɗaya kika yi, kika ɗago kika kalle shi, sannan kika yi magana.

Ba na ce ba ki da hakki ba. 'Yarki ce, ni ma na goya ta. Amma bayan kin fita ba wanda ya iya taɓa kofinsa, sai ni na kurɓa nawa. Noelene, giyar nan ba ta mutu ba. Stavros ma ya ɗanɗana, ya juya mana baya yana goge ido da tawul.

Mutumin nan ya rame, rigarsa kamar a jikin ƙusa aka rataye ta. Ƙarshen wata zai bar gidan. Ki yi abin da kika ga dama, amma kada ki ce mini kuskure ne.

Taki har kullum, ko kin yi fushi,
Glenys

Clare, 21 ga Yuni

Graeme,

Ina gaishe ka, da gaske wannan karon.

Ba kuskure ba ne. Tun daga ƙamshi na gane ta, kuma da kai nake. Na yi zaton in na faɗa zan ji sauƙi. Ban ji ba. Kullum abin da nake tunawa shi ne ban ko haɗiye ba, ga shi ta yi daɗi, ta girma yadda muka ce za ta girma.

Kada ka aiko da ɗayar. Ka kawo ta da kanka ranar Lahadi, zan gasa rago. Ban yi alkawarin komai ba, wataƙila in yi kuka, wataƙila in sake faɗa maka magana. Ka riƙe kwalbar, ni zan buɗe.

Ka bar safar a gida. Ina son in ga sunanta.

Sai ka zo,
Noelene