Ba A Rufe Ƙofa A Gidana

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni da 'yar magana da zan nuna wa 'yata, domin na lura yaran yanzu sun fi jin abin da suka gani a jarida a kan maganar uwar da ta haife su. Ba halina ba ne kai ƙarar gidana waje, amma tura ta kai bango.

Doka ɗaya ce a gidana, har maƙwabta sun san ta: ba a rufe ƙofa. Tun yarana suna ƙanana na sa kafinta ya cire sakatar ɗakunansu. Yaron da ba ya aikata abin kunya, me zai yi da sakata? Da wannan dokar na raini yayyenta har kowa ya kama gidansa, ba wanda ya taɓa jawo mini abin faɗe. Saura Auta.

Auta tana koyon aiki a ofishin kwamfuta na wani asibiti. Shugaban ofishin ya ce akwai gurbi, zai ɗauke ta idan ta kawo satifiket na haɗa intanet kafin a ba wani. Ban hana ta ba, kar a ce na hana. Ɗakinta ya koma kamar shagon mai gyaran rediyo: wayoyi shuɗɗa a ƙasa kamar igiyar shanya, tsofaffin akwatuna masu ƙyafta fitilu a kan teburin gugata, bango duk takardun lambobi. Da kanta take lalata abin, ta zauna tana gyarawa, wai haka ake koyo. Na ce a zamaninmu wanda ya ɓata abu da gangan bulala yake sha, ba satifiket ba.

Na kuma taimaka mata iyakar iyawata. Kowa ya san intanet ne ke hana yara karatu, saboda haka in zan fita unguwa nakan zare wayar akwatin intanet na falo in jefa a jaka, don ta mai da hankali. Wata rana na dawo na tarar fitilun suna ƙyaftawa, ga wayar kuwa a jakata. Ashe yanko wata ta yi, ta ɗaura mata kai da wani abu mai kama da filaya. Babanta ya yi ta dariya har da tari. Shi dama tun da ya yi ritaya ba ya ganin laifin kowa.

To, ranar jarrabawa. Anti, ni ma na yi makaranta, na gama sakandare, na san yadda jarrabawa take: aji, layi-layi, malami yana zagayawa hannu a baya. Sai Auta ta ce wai tata a ɗakinta za ta yi, ita kaɗai, ƙofa a rufe, wani mutum da ba mu san shi ba yana kallonta ta kyamarar kwamfuta daga farko har ƙarshe. Ta roƙe ni kar kowa ya shiga, kar kowa ya yi magana. Na ce to, don ban so ɓata mata rai da safe ba.

Ba laɓe na yi ba, shara nake yi a bakin ƙofar. Sai na ji muryar namiji. Na ji 'yata tana zagaya ɗaki da kwamfuta tana nuna masa ƙarƙashin tebur, da bayan ƙofa, har da gadonta. Sannan na ji ya ce ta ɗaga ɗankwali ya ga kunnenta. Kunnen 'yata! Na daure. Ɗakin ya yi tsit, shirun kuwa ya fi maganar tayar mini da hankali. Da na ga abin ya yi tsawo sai na ɗebo ruwa a kofi, domin ko a kotu ba a hana uwa kai wa 'yarta ruwa. Na tura ƙofa, na ajiye, na tsaya a bayanta na yi wa mutumin sallama. Bai amsa ba. Na tambaye shi shi ɗan gidan waye da ba a koya masa gaisuwa ba. Sai allon ya canza launi, wani rubutu ya fito. An soke jarrabawar.

Da ta yi kuka ko ta ɗaga mini murya, da na san abin yi. Ba ta yi ba. Ta rufe kwamfutar, ta ɗauki ruwan ta shanye, ta ce, "Na gode, Mama." Tun ranar ladabinta ya ƙaru har yana yi mini ciwo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta yi aikinta, ta daina ba ni labarin asibiti. Ko wayata ta hannu in ta rikice, gyarawa take yi ta miƙo mini ba tare da tsokanar da ta saba ba.

Yanzu an ba ta damar sakewa, kuma shugaban nata ya ce ba zai iya riƙe gurbin bayan wannan ba. Jiya na ga tana naɗe wayoyinta tana zubawa a kwali. Wai gidan gwaggonta za ta koma ta ƙarasa shiri, ta yi jarrabawar a can. Gwaggon nan tata, ƙanwar babanta, gidanta kowane ɗaki da mukulli, ɗakin 'ya'yanta ma sai ta ƙwanƙwasa kafin ta shiga. Uwa tana neman izinin shiga ɗakin da ita ta share! Na san in Auta ta ci jarrabawar a can, har in mutu ana yi mini gori da ita. Kuma gaskiya ina jin tsoron in kwalin nan ya fita, ba zai dawo ba.

Ki gaya mata, Anti, albarkar uwa ta fi satifiket. Ki gaya mata ta yi jarrabawarta a gida, ƙofa a buɗe, ni kuma in zauna a gefe, ba zan ce uffan ba.

Uwa mai kishin tarbiyya

*

Maman Auta, sannu da ƙoƙari. Na karanta wasiƙarki, kuma ina jin tsoron ba za ki so nuna wa Auta wannan shafin ba. Duk da haka ki karanta har ƙarshe.

In fara da inda kike da gaskiya. Uwar da ta ji baƙon namiji yana cewa 'yarta ta ɗaga ɗankwali, hankalinta bai tashi ba, ita ce abin tambaya. Auta ma ta yi kuskure da ba ta zaunar da ke tun da wuri ta bayyana miki komai ba. Ta san uwar da ta haife ta, ta san tarihin sakata, ta kuma yarda da "to" ɗin da aka faɗa don kar a ɓata rai.

Sai dai mutumin da kika yi wa faɗa, Hajiya, abokin aikinki ne. Ya duba ƙarƙashin tebur don kar a ɓoye takarda. Ya duba kunne don kar a saƙala abin da wani zai riƙa raɗa amsa ta ciki. Bai yarda da kowa ba, bai yarda a yi motsi bai gani ba, ba ya son jin wai-wai. Shekara da shekaru kina neman wanda zai sa wa yaro ido kamar yadda kike yi, ranar da Allah ya kawo shi har cikin gidanki, sai kika kore shi da kofin ruwa. Shi ne malamin nan naki mai zagayawa hannu a baya. Ko a ajinku na sakandare, da wata uwa ta shigo ta tsaya a bayan 'yarta, me kike jin zai faru da takardar?

Saboda haka roƙonki ba zai yiwu ba, ko da kin rantse ba za ki ce uffan ba, kuma mu biyun mun san za ki ce. Inuwarki kaɗai ta isa a sake sokewa. Kar garin neman gira a rasa ido. Albarkar uwa ta fi satifiket, babu musu, amma ban taɓa jin inda aka ce sai ɗaya ya faɗi ɗayan zai tsaya ba.

Ki kuma duba abin da kika raina. Yarinyar da aka zare mata waya ba ta yi rashin kunya ba, ta ƙera wata. Aka rushe mata wahalar watanni, ta shanye ruwa ta yi godiya. Wannan tarbiyyar ba a gidan gwaggo aka yi ta ba. In har ba za a iya barinta ita kaɗai na ɗan lokaci a bayan ƙofa ba, to me aka yi duk shekarun nan ana koya mata?

Ga shawarata. Ki same ta yau, kafin kwalin ya cika. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, ki ce ba ki fahimci abin ba ne, ta nuna miki yadda yake. In batun kunnen ne ya tsaya miki a rai, ta tambayi masu jarrabawar ko akwai cibiyar da ake zuwa a rubuta, ko za a iya haɗa ta da mace. Wayar akwatin falo kuma ki bar ta a jikin akwatin, jakarki ta huta.

In a gida za ta yi, ba sai an kira kafinta ba. Ki ɗauki kujera ki zauna a bakin ƙofar, ta waje. Duk wanda ya zo, maƙwabciya ce, mai karɓar shara ne, ko babanta da tarinsa, ki mai da shi da irin kallon da na tabbata kin iya. Gidan gwaggo akwai mukulli, amma babu mai gadi irinki. Ranar ke ce sakatar.

Kofin ruwan kuma ki riƙe shi a hannu. Za ta buƙace shi idan ta buɗe ƙofar da kanta.

Allah ya ba Auta sa'a, ya ba ki ikon zama a kujerar nan har a gama.