Ki Buɗe Famfon Nan Ki Sha

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta, yayyafin farko a kan busasshiyar ƙasa, uwar 'ya'yana, wadda na fi ƙauna a cikin matan duniya kaf,

Gaisuwa mai tarin yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake na san ba za ta same ki a ƙoshe da ruwa ba, kuma laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Gida lafiya lau. Tsiron nan naki na bakin taga ya fitar da sabbin ganye biyu, ina shayar da shi safe da yamma kamar yadda kika yi umarni. Takalmanki na yawo a tsakar gida suna nan bakin ƙofa, na hana kowa ya kawar da su. Yaya tana leƙowa kullum bayan la'asar don ta ga ko yunwa ta kashe mata ƙane, ta tarar da ni garau, ta koma tana mita. Alhamdu lillahi, hankalina a kwance yake, in ban da abu guda da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya.

Kin tuna ranar da na fara ganinki, shekara goma sha tara ke nan? An aiko ni daga ɗakin gwajin ruwa in ɗebo na famfon makarantarku, ina riƙe da akwatin 'yan kwalabena. Sai na tarar da wata malama ta sunkuya, ta haɗa tafin hannuwanta a bakin famfo, alli duk ya ɓata mata yatsu. Ban san lokacin da na daka tsawa ba. Kika ɗago, ruwa na ɗiga daga haɓarki, kika ce, "Malam, ko sallama babu, sai hana baiwar Allah shan ruwa?" Wayyo ni, wannan kallo! Wace rana ce ta taɓa fitowa da haske irin nasa? Na koma ofis da kwalabe biyu babu lamba a jikinsu, ban san wanne ne na wane famfo ba. Shugabana ya yi ta faɗa, ni kuwa ko a jikina.

Tun daga lokacin kike haƙuri da ni. A gidanmu ba a shan ɗigon ruwa sai an tafasa shi. Buta a kan wuta tun da sassafe, kwalabe jere a firij, baƙi suna yi mana dariya a ɓoye, 'yan'uwanki kuma a fili. Ko unguwa za mu je, gorarki na cikin jaka. Kika laƙaba mini suna Sarkin Tafasa, har yara suka ɗauka. Ban taɓa jin haushi ba, domin aikina ne ya mayar da ni haka. Mutumin da yake wuni yana leƙen ɗigon ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, yana ganin abubuwan da suke iyo a ciki, da wuya ya sake kallon famfo da zuciya ɗaya.

Da aka zaɓe ki zuwa wannan kwas na wata uku a ƙasar waje, babu wanda ya kai ni murna. Amma kin ga abin da na yi a filin jirgi? Mazan mutane suna ta faɗa wa matansu kalamai masu daɗi, ni kuwa na riƙe hannun jakarki gam na ce, "Ki yi mini alkawari ba za ki sha ruwan famfonsu ba." Kika yi dariya kika ce, "Na yi, Sarkin Tafasa." Na saki jakar ina jin na yi abin kai. Na manta da wa nake magana. Na manta ke ce matar da ba ta taɓa cewa "na yi" ta dawo ta ce "na fasa" ba.

Shekaranjiya abokiyar ɗakinki ta kira ni, ba da saninki ba, kuma kada ki yi fushi da ita, Allah Ya saka mata da alheri. Ita ta fasa mini ƙwan. Ta ce ɗakinku yana hawa na huɗu, an hana ajiye butar lantarki a ɗaki, kicin kuwa yana can ƙasa, da safe layi ake yi. Ta ce kanti da nisa, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Gora ɗaya kike tafasawa da safe, da ita kike wuni a aji har yamma, kina kurɓa kamar magani. Kowa a gidan yana tara kofi a famfo ya sha, ke kaɗai kike kawar da kai. Leɓɓanki sun tsattsage. Da ta matsa miki, wai sai kika ce, "Maigidana ruwa ne aikinsa. Sai na ga rubutunsa da sa hannunsa." Ke kuma kullum a waya sai ki ce mini komai lafiya!

Duk wannan na jure ina saurare. Amma da ta ce kwana biyun nan kina dafe kuiɓinki in kina hawa bene, sai na nemi kujera na zauna. Ni na san wannan dafewar. Ni na riƙe ki a asibiti shekarar da tsakuwa ta kama miki ƙoda, kina murƙususu kina cizon mayafinki don kada yara su ji kukanki. A gabana likita ya ce maganinki na har abada shi ne ruwa mai yawa, kada ki yarda ki zauna da ƙishi ko na rabin wuni. To dubi abin da na aikata, ya abar ƙaunata! Don in tsare ki daga ciwon da ban tabbatar yana nan ba, na tura ki bakin ciwon da muka sani da sunansa.

Na faɗa wa Yaya ina neman a lallashe ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka. Ka tura 'yar mutane wata duniya, ka kuma ɗaure mata maƙogwaro? Su mutanen can da suke sha, faɗuwa suke yi suna mutuwa a titi?"

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun kafin ki hau jirgi. Na sa abokiyar ɗakinki ta ɗauko mini hoton bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu. Na sa ta tambayi mai kula da ginin ko ruwan daga tankin saman rufi yake saukowa, ya ce a'a, kai tsaye yake zuwa daga babban bututun gari, kuma ba a daɗe da canza na ginin ba. Na nemo sakamakon gwajin da masu ruwan garin suke fitarwa don kowa ya gani, na bi shi layi-layi da biro. Ban tsaya nan ba, na rubuta wa mai irin aikina a can. Bawan Allah ya amsa kafin a tashi daga aiki, da bayani shafi biyu. Da ganin rubutunsa na gane ciwonmu ɗaya, shi ma matarsa tana shan fama.

Hasken raina, ruwan ya yi. Babu ƙwayar cuta, babu dalma, maganin da suka sa daidai gwargwado. In faɗa miki gaskiya har ɗan kishi na ji. Ba wai kowane famfo na duniya ya zama abin sha ba, akwai garuruwan da har gobe zan ce a tafasa, kuma na cikin jirgi ko na bayin tasha ban yarda da shi ba ko a ina ne. Kuskurena shi ne na yanke wa ruwa hukunci ban gwada shi ba, abin da in sabon ma'aikaci ya yi mini a ofis sai ya sha faɗa na mako guda.

Ki ɗan ƙara haƙuri da halina, ga 'yan sharuɗɗa, kin san ba zan iya bari ba. Ɓangaren sanyi za ki buɗe, ba na zafi ba. Da safe ki bar shi ya ɗan zuba har ki ji ya yi sanyi a yatsanki. In kin ji ƙanshin magani kada ki tsorata, ki ajiye kofin minti kaɗan zai tafi. In ya canza launi, ko aka liƙa sanarwa, ki koma ga buta. Kuiɓin nan kuma ki kai shi wurin likita yau ɗin nan, ko ya lafa. Wannan ba shawara ba ce, roƙo ne.

Wace mace ce za ta wuni da ƙishi, ga ruwa yana zuba a gabanta, don kawai ta ce wa wani tsohon mai taurin kai "na yi"? Wane alheri na taɓa shukawa da Allah Ya ba ni ke? Ina jin kunya, ina kuma jin daɗi, ban san wanda ya fi yawa ba. A filin jirgin nan ba maganar famfo na so in yi ba. So na yi in ce ina tsoron nisa, ina tsoron ki yi ciwo a inda hannuna ba ya kaiwa, ina ƙaunarki fiye da yadda na iya faɗa. Amma bakina bai saba ba, sai ya faɗi abin da ya iya.

Ga rubutuna, da hannuna na yi shi, zan ɗauki hotonsa in turo miki yanzu. Ni, mijinki, na warware alkawarin da na ɗora miki, kin cika shi har ya wuce kima. Ki ajiye wayar, ki ɗauki babban kofi, ki buɗe famfon nan ki sha, ki ƙara. Kada ki kira ni sai kin sha, domin zan gane a muryarki.

Ga sa hannuna a ƙasa. Ban taɓa sa shi a kan wata takarda da farin ciki irin na yau ba.

Naki ke kaɗai, jiya da yau da iyakar kwanakin da Allah Ya rage mini,

Mijinki.