Fatar Karfasa a Hannun Baba

Asibitin Mbarara

Yaya Rwakatooke,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara da garke. Ni dai na kasa zama wuri ɗaya, baranda nake ta aunawa da ƙafa.

Wutar dajin da Baba ya kashe ta ci hannunsa na dama fiye da yadda muka zata. Likita ta lulluɓe ƙunar da fatar karfasa wadda aka tsabtace, za ta zauna manne kamar bandeji har sai sabuwar fata ta tsiro a ƙarƙashi. Kifi, Yaya, a jikin Baba! Mutumin da ko kasuwar kifi ba ya bi.

Ya haƙura da wannan, amma ya ƙi madara. Wai muddin kifi na jikinsa, in ya sha nonon shanunmu za su ƙafe. Ƙwaryar nonon da ka aiko ko kallonta bai yi ba. Ka san kuwa ba ya cin komai sai madara. Likita ta ce in bai ci ba naman ba zai haɗu ba, yatsun za su ƙage. Na yi lallashi, na yi faɗa, sai ya ce, "Ke 'yar boko, shanu ba su san likita ba." Ina tsoro ƙwarai.

Ƙanwarka,
Kembabazi

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Mama? Ka kwantar mata da hankali.

Haushi ya kai ni kanti na sayo madarar kwali, wadda Baba ke kira ruwan wanke ƙwarya. Ya juya kwalin, ya tambayi sunan saniyar. Na ce ba ta da suna. Sai ya ce, "To, wadda ba ta da suna ba ta san ni ba." Ya shanye yana yatsina fuska, ya nemi ƙari.

Yau aka ɓare fatar kifin. Sabuwa ta fito, ja-ja, kamar hancin ɗan maraƙi. Na fita ɗebo ruwa, na dawo na tarar ya ɗaga hannun yana matsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, yana tatsar iska. Na koma baranda na yi kukana.

Ya ce kada kowa ya saba wa saniyarsa Kyasha da hannunsa, mai tatsarta na nan tafe.

Ka gaida kowa.

Taka,
Kembabazi