Ƙwan Zabi Don Aƙilu

Maharazu,

Na wuce Kafur jana'iza, ban tashe ka ba. Jiya na ga Aƙilu a Gozaki wurin Inna. Tun da aka kai shi yaye kunu kaɗai yake sha, annoba ba ta bar saniyar tatsa ba. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Inna ta ce ƙiba ce.

Ka je yau ka ɗauko min ɗana, a riƙa dafa masa ƙwan zabi. Inna za ta ce mai cin ƙwai ɓarawo yake zama. Ka ba ta haƙuri, amma ka taho da shi. Yayarsa ma an hana ta ƙwai, ta kuwa koma ga Allah ko allura ba ta sata ba.

Yayanka,
Abdussamad