A Mayar Mini Da Tsagata A Hoton Dosiye

Zuwa ga Malam Isufu mai hoto, bakin tashar mota, Matameye.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki.

Sunana Habsu. Bana na gama firamare, aka ba ni wuri a kolej. Ni ba mai yawan magana ba ce, in babba ya dube ni sai bakina ya mutu. Sau biyu na tsaya a shagonka na kasa faɗin abin da ke raina. Shi ya sa na rubuta, kuma zan manna takardar a ƙofarka don sauran 'yan mata su karanta, saboda abin ba ni kaɗai ya shafa ba.

Na ɗaya. Ranar Litinin ta makon jiya na zo ka ɗauke ni hoto huɗu na dosiye, wato takardun shiga kolej. Inna ta sayar da kwano biyu na wake ta ba ni jika ɗaya, wato sefa dubu, na biya. Da na karɓa washegari, sai na ga wata yarinya fara sol sanye da hijabina. Ni baƙa ce, kuma ina da tsaga uku a kowane gefen baki, irin ta gidan kakannina na Icirnawa. Ka goge su da injinka, ka ƙara mini haske, har hancin ka rage. Ban ce ka yi ba. Ba ka kuma tambaye ni ba.

Na biyu. Na kai hotunan makaranta a haka, don ban san yadda zan yi ba. Sakatare ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce wannan ba ni ba ce, ko na yayata na kawo. A gaban layin yara ya faɗa. Aka yi ta dariya, wani yaro ya ce wai an wanke ni da omo. Aka maido mini da dosiye, aka ce ranar Alhamis mai zuwa za a rufe karɓa.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Da na dawo shagonka, ka ce haka kasuwa take so, wai in ba ka haska fuska ba 'yan mata sai su tafi wani shago, kuma da wannan aikin kake ci da iyali. Ka ce in dawo wani mako, yanzu kana shirya manyan hotunanka na fasaha da za ka kai nuni Damagaram. Ina tsaye na ɗaga kai, sai ga ni a bango. Hoto babba, baƙi da fari, ina ɗauke da ƙwaryar gero ranar kasuwa. Ban san lokacin da ka ɗauka ba. A can tsagata ta fito raɗau, har zufar goshina ka bari. Da kunnena na ji kana gaya wa wani baƙo cewa wannan ita ce fuskar ƙasarmu ta gaskiya.

To Malam, in ita ce ta gaskiya, me ya sa ka hana ni ita a hoton da na biya? Baƙin Damagaram da ba su san ni ba za su ga fuskata yadda Allah ya yi ta, ni kuma mai fuskar ka ba ni ta wata. Ban san fasaha ba, ajina bai kai nan ba. Na dai ga hoton bango yana da kyau ƙwarai, ban taɓa zaton ina da kyau haka ba. Ashe ka iya. Ka dai ga mu masu ƙaramin hoto ba mu kai a tsaya a dube mu ba.

Ga abin da nake roƙo.

Hotona na asali yana cikin injinka. Ka fitar mini da huɗu yadda suke, ba gyara, kafin Laraba da yamma. Aikin ba zai hana ka tafiya ba.

Duk yarinyar da ta zo, ka tambaye ta ko tana son a haska ta. Mai so ka yi mata.

Hoton bango kuma kada ya shiga mota sai ka zo gida ka nemi izinin Inna. Mai yiwuwa ta yarda.

A gidanmu ba macen da ta taɓa wuce firamare. In Alhamis ta wuce ban kai dosiye ba, shekarar nan ta tafi, kuma ban san ko za a sake ba ni wuri baɗi ba. Kada ka bari in rasa kolej saboda hasken da ban nema ba.

Allah ya sa albarka a sana'arka, ya sa nuninka ya karɓu, ya kai ka Damagaram lafiya, bayan ka sallame ni.

Wassalam.

Habsu,
Matameye.