Saƙon da Ya Je Wayar Inna

Laraba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna. Na kashe wayata na jefa ta cikin durowa, shi ya sa na ba direban motar haya ya kawo maka.

Jiya da hantsi Inna na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, maƙwabtanta biyu na taya ta hira, sai wayarta ta yi ƙara. Ka san Inna ba ta karatu, saƙo sai ya kwana uku ba a duba mata ba. Wannan kuwa bai jira kowa ba, da kansa ya buɗe baki. Muryar mace ce, tar-tar. Ta ambaci sunana, ta ce a tuna mini gobe ƙarfe tara ina da ƙarin ruwan magani karo na biyu a sashen masu ciwon daji. Har sau biyu ta faɗa, wai ko ba a ji ba.

Gaskiya ne. A mama ne, na hagu. Wata biyu ke nan da likita ya tabbatar. Daga ni sai Baban Yara muka sani, saboda hawan jinin Inna. Na so in ga yadda maganin zai karɓe ni, sannan in zaunar da ita in faɗa mata da bakina.

Ta miƙe za ta ɗauko mayafi, jiri ya kwashe ta, ta faɗi a bakin famfo. Yanzu tana gadon asibiti, bakinta ya ɗan karkace. Ni ban je nawa ƙarin ruwan ba, ina zaune a gefenta, a kan cinyata nake wannan rubutu.

Manhajarku ce, Tuna Mini, wadda ka sa mini bara kana cika baki wai na daina manta lokacin shan magani. Ban ba kowa izini ba. Ka faɗa mini yadda aka yi maganata ta je wayar Inna. Ka kuma faɗa mini ko ni kaɗai ce.

Wassalam.
Yayarka


Alhamis

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu, Yaya. Sannu. Allah ya ba ki lafiya, ya tashi kafaɗun Inna. A tsaye na karanta takardarki a bakin matakalar ofis, sai da mai shagon buga takardu na ƙasa ya miƙo mini kujera.

Ga amsar tambayarki. Ran Litinin muka fitar da sabuntawar da muka yi wata uku muna aiki a kanta. Sababbin abubuwa biyu ne a ciki. Ɗaya murya ce mai karanta saƙo, domin tsofaffi da waɗanda ba su iya karatu ba. Muryar mai yi mana zane ce, a ɗakin ajiyarmu muka naɗe ta, mun toshe taga da katifa. Ɗayan kuma maɓalli ne mai suna Sanar da Iyali, wanda ke aika tunatarwar asibiti zuwa ga wanda mutum ya sa a matsayin na kiran gaggawa. Ranar da na sa miki manhajar, lambar Inna na rubuta a gurbin. Ya kamata maɓallin ya zo a kashe, mai so ya kunna da kansa. An bar shi a kunne.

Ba ke kaɗai ba ce. Na duba, saƙo ya fita ga dangin mutum ɗari shida da goma sha biyu kafin in tsayar da shi yau da safe. Ɗazu wata mata ta kira ofis, kuka ya hana ta magana. Da ƙyar na gane lambar surukinta ce a gurbin, ita kuma asibitin masu neman haihuwa take zuwa a ɓoye.

Mun zauna mu biyar a gaban allo. Na ce mu aika wa kowa bayani mu nemi afuwa, don wanda asirinsa ya fita ya san ya fita, kada ya shiga gida bai shirya ba. Dogo, abokina da muka kafa wurin nan tare, ya ƙi. Ya ce ran Litinin mai zuwa za mu sa hannu da wasu asibitoci uku, mu gyara shiru, mu rubuta "ƙananan gyare-gyare" a bayanin sabuntawa. Mai zane ta tashi ta shige banɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Tun da safe ba ta son jin muryar kanta.

Don Allah ki koma a yi miki ƙarin ruwanki. Zan taho da zarar na kashe wannan wuta.

Ƙanenki,
Auta


Juma'a

Zuwa ga Yayarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne Dogo, wanda kika sha ciyarwa a gidanki lokacin muna ɗalibai ni da Auta. Na samu labarin jikin Inna da naki. Allah ya sa kaffara ne. A madadin kamfaninmu ina ba ki haƙuri, kuma na san haƙuri ba ya tayar da wanda ke kwance.

Roƙo ne ya sa na rubuto. Auta ba ya jin maganar kowa sai taki. Ya rubuta wata sanarwa yana so ya tura wa mutum dubu goma sha ɗaya da ke amfani da manhajarmu. Idan ta fita, asibitocin nan za su janye, kuma ba mu da wata igiya da za mu kama. Mutum biyar ne ke ci daga ɗakin nan, kowa da na bayansa. An riga an toshe ɓarakar. Abin da ya zube ya zube, shelarsa ba za ta kwaso shi ba.

Ban zo in ɗora wa kowa laifi ba, amma ina ganin kamar hukunta kansa yake son yi, mu kuma ya haɗa da mu. Ni tun farko na ce a bar maɓallin a kashe. Shi ya nace. A gaban kowa ya buga tebur, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ce akwai masu ɓoye ciwo har ya kashe su, danginsu na nan ba su sani ba. Na ga abin ya taɓa shi, na sakar masa. Wannan kuskurena ne.

Ki taimaka ki yi masa magana kafin Litinin.

Naki cikin ladabi,
Dogo


Asabar

Auta,

Salamu alaikum. Inna ta sha kunu da hannunta yau, harshen ne dai bai gama sakewa ba.

Shekara goma sha tara ina koyar da yara nahawu. Da yaro ya ce mini "an fasa tagar aji", na san wanda ya fasa. Ka rubuto mini "an bar shi a kunne". Ga takardar Dogo nan na haɗo maka, karanta.

Wa kake nufi da masu ɓoye ciwo? Yaushe ka faɗi haka? Kada ka kewaya ni. Ni na goya ka, na san yadda kake sosa ƙeya idan za ka yi ƙarya, ko a takarda ina ganinta.

Batun sanarwarku ba zan sa baki ba. Dogo ya nemi mai roƙo a wani wuri.

Yayarka


Litinin

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da jin Inna ta ci abinci.

Ni na bar shi a kunne. Kuma na sani.

Mako shida da suka wuce ina gwajin muryar, ina neman saƙonni na gaske don in ji yadda za ta furta sunayen magunguna. Dokarmu ita ce ba a buɗe bayanan kowa, ni ma na rubuta dokar. Na ce bari in ɗauki naki, ai na gida ne, bai wuce maganin ciwon kai da na gyambon ciki ba. Sai na ga sunan sashen. Na rufe kwamfutar, na sauka na yi ta tafiya a titi har na wuce gadar sama ban san na wuce ba.

Na kira ki ranar. Kin tuna? Na ce yaya jiki, kika ce, "Ras nake, kai dai ka yi aure mu huta." Muka yi dariya. Sau bakwai na sake kira a makonnin nan, kullum ras. Na kasa cewa na gani, don za ki gane ta inda na gani. Na kasa yin shiru kuma. Baba haka ya yi mana, sai da ya kasa tashi muka san shekara guda yana fama.

Ba zan ce na zauna na shirya saƙo ya je wa Inna ba. Wallahi a tunanina lambata ce a gurbinki. Na yi zaton ni zai zo wa, in kira ki in ce ga abin da waya ta turo mini, ke kuma ki huta da ɓoyo. Na manta ranar da nake sa miki manhajar kin ce in sa ta Inna, don ita ce kusa. Saboda in samu hanyar yi wa yayata magana, na buɗe asirin mutum ɗari shida. Ko a lokacin da nake buga tebur ban tuna da su ba.

Jiya da rana na tura sanarwar. Na faɗi abin da ya faru, na faɗi cewa shawarata ce, na sa lambar wayata. Yau da safe asibiti biyu suka ce a dakata, na ukun bai ce komai ba. Dogo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo hannu kawai, na ba shi makullin ofis, ya cire ni daga rumbun bayanan. Daidai ya yi. Sauran ukun ban iya haɗa ido da su ba.

Yanzu ina ɗakina, waya na ta ƙara, ina ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zage ni har iyaye. Wani dattijo ya ce 'yarsa ta zo ta rungume shi, ya gode. Ban ji daɗin godiyar ba. Matar nan ta sake kira, ta ce tana gidan ƙanwarta, ta tambaye ni ko in na nemi afuwa surukinta zai manta abin da ya ji.

Jakata a haɗe take. Ba zan taho ba sai kin ce in zo.

Ƙanenki mai laifi,
Auta


Laraba

Auta,

Salamu alaikum. Na karanta. Sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba.

An sallami Inna, tana gidana. Ƙafar dama tana ja, likita ya ce sai an riƙa tattaka ta safe da yamma. Baban Yara na wurin aiki, ni kuma gobe za a yi mini ƙarin ruwan, bayansa kwana uku ba na iya ɗaga ko buta. Ta tambaye ka sau biyu. Ban faɗa mata komai ba, kuma ba ni zan faɗa ba.

Ban yafe ba tukuna. Ban san yaushe ba, kada ka tambaye ni.

Ka shigo motar safe.

Yayarka