Juyin Mulki a Madafar Gidana

Hawandawaki, daren Talata, bazarar 1985

A buga ganga a shaida wa duniya: yau an yi juyin mulki a madafar gidana. Matan unguwa, ƙarƙashin Hajiya Rabi mai ƙosai, sun hamɓarar da duwatsun murhu uku da na gada wurin uwata. Sun naɗa wani dunƙulen laka da kashin jaki da suka bari ya bushe tun makon jiya. Wai shi zai ceci itatuwan ƙasar nan. Sama ta hana ruwa, rumbu ba ko zangarniya, su kuwa laka suke kwaɓawa!

Ni damuwata icen girki da ya ƙare. Na wasa gatari don gawon da ya rage a gonata, ko da 'yan gandun daji za su ci ni tara. Matata Hadiza ta tare ƙofa, ta kira ni yadda ɗalibaina ke kirana a makaranta: "Mushe, in ka sare shi, littattafanka awaki za su ci? 'Ya'yansa ne abincinsu."

Na ce murhun da ke ɓoye wutarsa ba ya dafa tuwo. Hajiya Rabi ta ce, "Ikon Allah! Yaushe rabonka da muciya?" Duk suka sheƙe da dariya, a gidana. Cikin fushi na rantse, in tuwo ya dahu da 'yan ƙiraren da ke hannunta, na bar gawon.

Ya dahu, har ƙirare suka yi saura. Gawo zai ga damina, in akwai ta. Ni ne ban da gaskiya, amma Hajiya Rabi ba za ta ji a bakina ba.